Kula, Matacciyar Firiza ko Ɓuntun Shinkafa: Wanne Ya Fi Riƙe Ƙanƙara a Zafin Kebbi?

Daga tsakiyar watan Maris zuwa saukar ruwan farko, zafin rana a Birnin Kebbi da Jega da Argungu kan haura digiri 40. A lokacin ne kuma ƙanƙara ke yin tsada, balle a shekarun da azumi ya riƙa faɗowa cikin bazara. Mai ɗauko ɗanyen kifi daga Yauri, da mai zoɓo da kunun aya a bakin tasha, da yaron da ke tura amalanken ruwan leda, duk abu ɗaya suke saye da safe, ya zama ruwa a hannunsu kafin la'asar. Kowa da abin da yake rufe tasa da shi: wani kula, wani farin soso, wani garin katako, wani buhu, wani kuma tsohuwar firizar da injinta ya mutu. Mai ƙaramin jari ba zai iya gwada su duka ba, dole ya zaɓi ɗaya ya sa kuɗinsa. Zaɓin kuwa ya rataya ne a kan ko a zaune mutum yake ko a kan hanya, da tsawon lokacin da yake so sanyin ya kai, da kuma ko kayan nasa masu ɗigar ruwa ne.

Sai an fara sanin abin da ake yaƙi da shi. Zafi ne ke shigowa daga waje ya iske ƙanƙara ya narkar da ita, kuma ta hanya uku yake zuwa. Yana ratsa jikin abu daga gefe zuwa gefe, shi ya sa hannun ludayin ƙarfe ke ƙona mai miya. Yana hawa kan iska ko ruwa mai motsi, ya shiga ta duk kafar da ya samu. Yana kuma saukowa kai tsaye daga rana, ko daga kwanon rufi da ya gasu, ba tare da ya taɓa komai a tsakani ba. Duk abin da za a naɗe ƙanƙara da shi, aikinsa rage gudun waɗannan ukun ne. Babu wanda ke tsayar da su baki ɗaya.

Masana suna da lambar da suke auna saurin ratsawar zafi cikin kowane abu da ita, kuma duk yadda lambar ta ƙanƙanta, haka abin ya fi tare zafi. Ƙarfe yana wajen 50. Alminiyom ya haura 200. Ruwa 0.6. Katako kusan 0.13. Iskar da ke tsaye wuri ɗaya 0.026 ce kawai. Duba waɗannan biyun da kyau, ruwa da iska, domin a kansu komai ya ginu: ruwa ya fi tsayayyar iska wucewa da zafi fiye da sau 20. Soso da ɓuntu da garin katako da kwali duk dabara ɗaya suke amfani da ita, wato kama iska cikin ƙananan ramuka su hana ta yawo. Da zarar ruwa ya cika ramukan ya kori iskar, abin ya tashi daga mai tare zafi ya koma mai kai shi.

Wannan ne ma ya sa bargo ke riƙe ƙanƙara, duk da cewa mutane da yawa suna ƙyamar rufa mata shi don suna ganin kayan ɗumi ne. Bargo ba shi da zafin kansa. Da hunturu yana hana zafin jikinka fita, da bazara kuma yana hana zafin waje isa ga ƙanƙara, muddin a bushe yake.

Ita kanta ƙanƙarar tana da ƙarfin da ya kamata a san iyakarsa. Zafin da zai narkar da kilo ɗaya nata daidai yake da wanda zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri sifili zuwa 80. Jarin da ka saya ke nan, kuma wurare biyu yake tafiya: wajen sanyaya kayan da ka zuba, da wajen biyan zafin da ke kutsowa ta bango da murfi. Na farkon babu makawa. Kilo 30 na kifin da aka fito da shi daga ruwa mai ɗumin digiri 30 zai cinye kusan kilo 10 na ƙanƙara kafin ya sauka zuwa sifili, ko a wace irin kula aka sa shi. Jakar ruwan leda mai guda 20 da ta sha rana za ta ci kusan kilo 4 kafin ta yi sanyin sha. Na biyun shi ne wanda zaɓin mazubi ke ragewa ko ya ƙara.

Mu fara da kular roba, tunda ita kowa ke fara tunawa. Kula mai kyau bango biyu gare ta, an hura wani soso mai ruwan ɗorawa a tsakaninsu, irin wanda ke cikin bangon firij, ana kiransa foliyuriten. Lambarsa tana wajen 0.025, kuma a cikin duk abin da talaka zai iya samu, in ban da filas ɗin shayi, babu wanda ya kai shi. Tana wankuwa, tana jure jijjigar mota, kuma mai kyau takan zo da kafar tsiyaye ruwa a gindi. Matsalar ita ce ba duk abin da ake kira kula ba ne ke da wannan soson da kauri. Akwai masu ƙyalli da fenti da bangonsu bai kai santimita biyu ba, akwai kuma waɗanda murfinsu fanko ne, roba sama roba ƙasa babu komai a ciki, alhali murfi ne ke fuskantar rana. Irin waɗannan sun isa kai abincin biki daga wannan unguwa zuwa waccan. Ba su isa kwana da ƙanƙara a watan Afrilu ba. Araha ba ta ado, amma a nan tsadar ma ba shaida ba ce: na fi yarda da kauri da nauyin murfi a kan kuɗin da aka rubuta.

Farin soso, wanda ake cirowa daga kwalin talabijin ko firij, ko akwatinsa da ake kawo magani da kifin waje a ciki, shi ne na biyu a ƙarfi. Kusan kashi 98 cikin ɗari na jikinsa iska ce, lambarsa kuma tana wajen 0.035. Ba shi da nauyi, ba ya shan ruwa da sauri, kuma a kan kuɗi kaɗan ake samunsa. Idan aka yi lissafi a takarda, da ƙanƙara a ciki da zafin digiri 40 a waje dare da rana, kowane murabba'in mita na bangon farin soso mai kaurin santimita 5 zai bari kilo 6 zuwa 7 su narke a kwana ɗaya. Wannan faɗin bangon shi ne kusan na akwati mai cin lita 60. Idan kaurin ya sauko zuwa santimita 2, asarar ta ninka ko fiye. Soson kula mai kyau, a kaurin santimita 5, zai tsaya a wajen kilo 5. A zahiri dare kan yi sauƙi, buɗe murfi kuma kan ƙara asara, don haka lambobin za su motsa, amma tsarinsu ba ya canzawa: soso mai arha da kauri ya fi soso mai tsada da siranta.

Rauninsa a fili yake. Yana karyewa, igiyar babur tana yanka shi, kaji suna tsattsage shi, kuma fetur na narkar da shi nan take, don haka wanda ke ɗaura akwati kusa da galan ɗin mai ya kiyaye. Ruwan kifi kan shige tsakanin ƙwayoyinsa ya bar ƙarnin da wanki ba ya fitarwa. Maganin duk wannan shi ne a sa shi a tsakiya: kafinta ya buga akwatin katako ko na filawud, a jera soson a ciki ta kowane gefe har ƙasa da murfi, a toshe mahaɗa da kyau, sannan a shimfiɗa leda mai kauri ko a zura baho na roba. Wanda ya yi haka ya samu kular da za ta yi gogayya da ta kanti a kan kuɗin da bai kai nata ba. Idan ya tsufa kada a ƙona shi kusa da mutane, hayaƙinsa baƙi ne mai cutarwa, kada kuma a watsar a kwata. Toshe magudanan ruwa na cikin dalilan da suka sa Jihar Legas ta hana amfani da mazuban abinci na irin wannan soson a watan Janairun 2024.

Ga wanda ke zaune wuri ɗaya, mai shago ko mai rumfa a kasuwa, matacciyar firiza mai buɗewa ta sama tana da wuyar kayarwa. Bangonta foliyuriten ne mai kauri, cikinta yana wankuwa, tana da faɗi, kuma da yake ta sama ake buɗe ta, iska mai sanyi, wadda ta fi mai zafi nauyi, tana kwance a ƙasa ba ta zubowa waje. Tsayayyen firij kuwa duk buɗewa sai sanyin ya zubo ta ƙasa, sai dai a kwantar da shi rigingine. Kafin ka biya mai gyaran firij, duba abu biyu. Robar bakin murfi: saka takarda ka rufe, idan ta zaro ba tare da turjiya ba, iska ma za ta shiga. Sai gindi: idan tsatsa ta huda shi, ruwa ya daɗe yana shiga soson, kuma soson da ya sha ruwa ya gama aiki ko da waje na sheƙi. Irin wannan za ka ji ta yi nauyin da ya wuce kima. Sannan don Allah a cire makullin da ke kama kansa, a kuma ajiye ta inda yara ba za su shiga wasan ɓuya ba. Yaro ya shiga murfi ya rufe, iskar ciki ba ta daɗewa.

Yanzu ga ɓuntun shinkafa, wanda na fi son a tsaya a kansa, domin shi ne muke da shi a yalwace muke kuma raina shi. Kebbi ƙasar shinkafa ce tun kafin a ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a jihar a 2015, kuma tun daga lokacin injinan casa suka ƙaru, daga manya irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu har zuwa ƙanana na cikin unguwa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba ɓuntu ne. Ana tara shi tsibi-tsibi a bayan injina, wani a ƙona, wani iska ta kwashe. Alhali kowane ɓawo ɗan kwale-kwale ne mai riƙe iska, kuma yana ɗauke da sinadarin yashi mai yawa, wanda ke sa shi wuyar ruɓewa da wuyar jiƙewa, gara ma ba ta cika sonsa ba. Lambarsa tana tsakanin 0.04 da 0.08, gwargwadon bushewarsa da yadda aka cusa shi. A aikace, a ɗauka yana buƙatar ninkin kaurin farin soso kafin ya yi aikinsa. Santimita 10 zuwa 15 na busasshen ɓuntu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa da santimita 5 na soso.

Yadda ake haɗa shi ba wuya. A samu ganga ko babban bokitin roba mai murfi, shi ne zai ɗauki ƙanƙara da kaya. A samu wani mazubin da ya fi shi faɗi, akwatin katako ko rabin babbar ganga, ko ma a gina ɗan rumbu da bulo a cikin ɗaki. A fara zuba ɓuntu a ƙasa kamar tsawon tafin hannu, a ɗora na cikin, sannan a cike kewaye ana girgizawa har ya zauna, ba tare da an daddanne shi da ƙarfi ba. Gara a ɗura shi cikin ledoji a ɗaure bakinsu kafin a jera, domin jikin mazubin ciki yana yin gumi, kuma gumin nan ne zai jiƙa ɓuntun a hankali. A ɗinka matashi mai kauri da ɓuntu a ɗora kan murfi. A huda gindi a zura siririn tiyo ya fito waje, a lanƙwasa shi yadda ɗan ruwa zai tsaya a ciki ya hana iska shiga. Shi ke nan.

Inda ake kuskure shi ne wajen ɗebo ɓuntun. Ƙananan injina da yawa suna niƙa ɓawo da dusa su fito a haɗe, wanda masu dabbobi ke saye. Wannan bai dace ba: yana da maiƙo, yana dunƙulewa, yana kiran ɓeraye da ƙwari. A nemi tsantsar ɓawon mai kaushi, a tankaɗe tsakin shinkafar da ya rage, a shanya shi rana guda. Aibinsa na gaskiya shi ne girma. Akwatin da zai ci lita 60 a ciki zai zama ƙato a waje, kuma faɗin wajen nan yana ɗan rage ribar kaurin. Babur ba zai ɗauke shi cikin daɗi ba. Amma ga mace mai sana'ar zoɓo a cikin gida, wadda wutar lantarki ba ta zama a unguwarsu, kuma kuɗin kula babba zai cinye jarinta, ban ga abin da ya fi shi ba. 'Yar'uwa, kuɗin kafinta da na bokiti kawai za ki kashe.

Garin katako ɗan'uwan ɓuntu ne, kuma shi masu sayar da manyan ƙanƙara suka fi sabawa da shi. Yana da tarihi mai ban mamaki. Frederic Tudor, ɗan kasuwar Amurka da ya yi suna wajen rufe ƙanƙara da garin katako, ya loda tan 180 a jirgin ruwa daga Boston zuwa Kalkata ta Indiya a 1833. Tafiyar ta ɗauki wata huɗu, jirgin ba shi da injin sanyaya komai, amma aka sauke kusan tan 100. Kaurin rufi ya taimaka, girman tarin ma ya taimaka, domin babban dunƙule yana da ƙarancin fuskar da zafi zai taɓa idan aka gwada da nauyinsa. Wannan darasin yana aiki har a rumfar kasuwa: manyan ƙanƙara a manne da juna sun fi ƙananan ƙulli a warwatse daɗewa nesa ba kusa ba.

Sai dai garin katako yana shan ruwa fiye da ɓuntu, kuma idan ya jiƙe yana daɗewa bai bushe ba, ya yi tsami, ya yi fumfuna. Masu binne ƙanƙara a cikinsa kai tsaye suna cin nasara ne idan tarin ya yi kauri har na wajen ya zauna a bushe, kuma ƙasan yana tsiyayewa. Wanda ya yayyafa ɗan kaɗan ya rufe da buhu, cikin awa biyu laka ce zai tarar. Akwai kuma batun tsabta. Ba ka san irin katakon da aka yanka ba, wani an shafa masa maganin gara, wani fenti. Ƙanƙarar da za a jefa cikin abin sha, ko za ta taɓa kifi, kada ta haɗu da garin katako sai da leda a tsakani. Inda ake da ɓuntu da garin katako a kusa, ɓuntu zan ɗauka.

Buhu yana buƙatar a rarrabe. Buhun roba irin na taki ba ya tare komai, siriri ne. Buhun algarara irin na albasar Aliero yana da ɗan amfani idan a bushe yake kuma an ninka shi sau da yawa, na 'yan awoyi. Jiƙaƙƙen buhu kuwa wata dabara ce daban. Idan ruwa yana bushewa daga jikinsa yana tafiya da zafi mai yawa, irin abin da ke sa ruwan randa sanyi. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar tana da kyau ga tumatir da alayyafo da goro, a lokacin hunturu da bazara da iska ke bushe. Da damina ƙarfinta ya ragu ƙwarai. Ko a ranar da ta fi aiki, iyakarta ta sauko da zafi zuwa digiri ashirin da wani abu, wanda ga ƙanƙara da ɗanyen kifi zafi ne har yanzu. Don haka jiƙaƙƙen buhu a jikin ƙanƙara asara ce. Amma jiƙaƙƙen buhu a bayan rufaffen akwatin soso ko kula, a kan mota mai tafiya, riba ce, domin bangon zai riƙa fuskantar digiri ashirin da wani abu a maimakon 40 ko fiye.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Kwali mai ramuka a tsakiya yana aiki idan an ninka shi uku ko huɗu, har zuwa lokacin da ruwa ya taɓa shi. Soson katifa ramukansa a buɗe suke, yana tsotse ruwa, don haka ya dace da naɗe tukunyar abinci mai zafi amma bai dace da kifi ba ko kaɗan. Leda mai kumfa da ake naɗe kayan fashewa da ita siririya ce, sai an yi mata ninki da yawa. Jaka mai ƙyallin azurfa tana mayar da zafin rana ne kawai, kuma sai fuskar mai ƙyallin tana kallon sarari. Idan aka manna ta tsakanin abu biyu, aikinta ya tafi. Daron ƙarfe ko na alminiyom a buɗe shi ne mafi muni, ga shi kuma shi aka fi gani a kan mata da yara a tasha.

Ga mai kifi lamarin ya fi tsanani, domin shi ba ɗumin abin sha yake tsoro ba, ruɓewar jari ce. Tarwaɗa ko ƙarfasa ko giwan ruwa da aka kama da asuba a Yauri, a saman tafkin Kainji, idan aka bar su haka a wannan zafin ba sa kai dare lafiya, shi ya sa banda ta zama mafita tun kaka da kakanni. A cikin isasshiyar ƙanƙara kuwa kifin ruwan daɗi na ƙasashe masu zafi yana iya haura mako guda. Wanda zai bi hanyar Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, ko ya zarce Tambuwal zuwa Sakkwato, kula mai kauri ko akwatin soso mai rigar katako ne nasa. Ƙa'idar da aka saba bayarwa a ƙasashe masu zafi ita ce kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi, a rage kaɗan idan mazubin na kirki ne. A nan babban dunƙule ba ya wadatarwa, domin kifin da bai taɓa ƙanƙara ba bai sanyaya ba. A farfasa ta, a shimfiɗa a ƙasa, a jera kifi, a sake zubawa, haka har sama, a rufe da ita. A bar kafar ƙasa a buɗe ruwan ya riƙa fita da yauƙi da jini. Mai lemo da ruwan leda shi akasin haka zai yi: ruwan da ya narke yana da sanyi, yana kuma rungumar kwalabe ta ko'ina, don haka ya bar shi a ciki muddin ba zai kai ga rufin ba.

Magani kuwa ba wurin gwaji ba ne. Insulin da yawancin alluran rigakafi, na mutane da na kaji, ana ajiye su tsakanin digiri 2 da 8, kuma insulin da wasu daga cikin alluran suna lalacewa idan suka daskare. A nemi ƙaramar kula irin ta ma'aikatan rigakafin shan inna, a kuma sa wani abu tsakanin maganin da ƙanƙara. Haka mai son riƙe zafi: filas ɗin shayi, wanda asalinsa ƙirƙirar James Dewar ce a 1892, ya fi komai domin an zuƙe iskar da ke tsakanin bangonsa biyu gaba ɗaya, amma ƙarami ne. Ga tuwo da shinkafar sayarwa, kular abinci ko tukunya a cikin kwandon ɓuntu sun isa, a dai tabbata abincin bai sauko ya zama ɗumi-ɗumi na tsawon awoyi ba, domin a nan ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa.

Duk wanda aka zaɓa, yadda ake riƙe shi kan ci rabin amfaninsa ko ya ninka shi. Kular da ta fi kowace tsada, idan aka ajiye ta kan kwalta da tsakar rana, ko a bayan a-kori-kura daidai saman salansa, ta zama ta banza. A ɗaga ta kan katako, a sa ta a inuwa, a shafa wa akwati farin fenti. A cika ta, domin duk sararin da aka bari iska mai zafi ce za ta maye shi a kowace buɗewa, kuma idan kaya sun ragu a cike gurbin da tsumma mai tsabta ko guntun soso. Mai ciniki da yawa ya raba biyu: babban mazubi a rufe, ƙarami na hannu da ake buɗewa kowane minti. Kayan sha kuma a kwana da su a wuri mai sanyi, ko a jera su cikin randa, kafin su haɗu da ƙanƙara.

Idan an je sayen kula, a kama bangon da yatsu biyu a ji kaurinsa, a ƙwanƙwasa murfi a ji ko fanko ne, a rufe a ga ko yana zama daram. Idan mai kaya sananne ne, a roƙe shi: "Alhaji, a ba ni zuwa gobe in gwada." A gida a zuba ƙanƙara a rufe, bayan awa ɗaya a shafa bayanta. Wadda bayanta ya yi sanyi ko ya fara gumi tana shan zafi ta wurin, kuma inda gumin ya fi taruwa nan ne soson ya yi siriri ko babu shi. Wanda ke shakkar ɓuntu ma ya yi irin wannan gwajin: ƙulli biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya a kula, ɗaya a akwatin ɓuntu, a ajiye su a ɗaki guda bayan sallar asuba, a auna ruwan da kowanne ya zubar da magariba.